Fallen Inna a Tabarmar Gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu Ya karɓi abinSa. Ana tsakar yankan hatsi Inna ta rasu, mahaifiyar maigidana, da hantsi, ina tsaye a kanta da kofin kunun da ta ce in dama mata, ba ta kuwa sha ba.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta, samari sun ɗauko tabarmin gari daga zauren maigari. Ta bara aka shimfiɗa wa maza a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ta ƙofar gida, ta bara waccan aka shigo mana da ita tsakar gida. Wanda bai san garinmu ba, bari in yi masa bayani. A bakin gulbi muke, tsakanin Agiye da Gazawa, inda goriba ta fi mutane yawa. Kowace shekara duk mace mai ɗaki takan saƙa falle ɗaya na kaba, faɗinsa kamar tafin hannu, mai tsawon gaske, ta rina shi yadda ta ga dama. In kaka ta yi sai a tara fallayen, a ɗinke su gefe da gefe su zama tabarma guda, a kai ta wasan kaka a rataye a bakin filin kokawa, inda garuruwan kewaye ke haɗuwa. Bayan wasa ta zama ta gari, ta suna da biki da makoki. Inna ce ta fara wannan abu, ita ce kuma mai ɗinkin.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, sai na lura ba wadda ke zama inda ta samu. Mace za ta shigo da sallama, ta yi mana ta'aziyya, sannan ta tsaya tana bin tabarma da ido har ta gano fallenta, ta ratsa mutane ta je ta zauna a kai. Wata tsohuwa daga rugar Fulani, wadda idonta ya yi rauni, da hannu ta lalubo nata. Matar liman tana kuka tana shafa ɗinkin tana cewa, "Ku dubi hannunta, ko wuri guda bai kwance ba." Wata kuma ta faɗi abin da ke ran kowa, ko murya ba ta rage ba: "To, ta bana hwa? Wa za shi ɗinka ta?"

Mutum ɗaya ce ba ta hau tabarmar ba. Gwaggo ta gabas, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wadda duk garin ba mai hannunta a saƙa. A ƙasa ta zauna jikin rumbu, ido a bushe, tana jan carbi da ƙarfi kamar da shi suka yi faɗa. Na miƙa mata buzu, ta ture shi da ƙafa.

Na yi lakol, wato makarantar boko, gwargwado, don haka na ce sai na rubuta abin da na gani na Inna, wannan baiwar Allah, kada jikokinta su tashi su ɗauka tabarmar gari haka kawai aka same ta.

Asalin abin ma da dariya ya fara. Masu shirya wasan kaka suka aiko cewa kowane gari ya zo da abin da zai nuna. Wasu na da makaɗa, wasu na da 'yan kokawa. Mu ɗan kokawarmu ɗaya ne, kuma kowace shekara kafin makaɗi ya gama yi masa kirari ya sha ƙasa. Maza suka taru suna ta jan magana, aka rasa abin kaiwa. Inna na dawowa daga rijiya da tulu a ka ta ji su, ta ce daga inda take, "Ba ku da ƙato, ba ku da ganga, amma kuna da kaba. Ku yanko mana, ku bar mu da sauran." Tun daga nan aiki ya rabu. Maza su shiga gulbi su yanko kaba su kawo a amalanke, samari su tsage su shanya, 'yan mata su dafa rini, mata su saƙa. Ko wanda bai iya komai ba, akwai riƙon bakin falle lokacin ɗinki.

Ni 'yar Cadakori ce, can wajen Gidan Rumji. A gidanmu gyaɗa muka sani, da mai da ƙuli-ƙuli. Ban taɓa riƙe kaba da sunan saƙa ba sai da aure ya kawo ni. Fallen da na fara yi, Allah Ya sani ko akuya ba za ta yarda ta kwanta a kai ba. Nan ya buɗe, can ya tsuke, ga shi ya murɗe kamar igiyar guga. Na naɗe shi na tura bayan randa. Ranar tara fallaye Inna ta shigo ɗakina shan ruwa, ita da ba ta taɓa shan ruwa a ɗakina ba, ta fito da shi a hannu.

"Ɗiyar Gobir, wanga hwa?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa. "Inna, ba shi da kyau."

"Kyau na tambaye ki? Ke kinka saƙa shi?"

Na ce ni ce.

"To, an kawo."

Wannan ita ce maganarta, kuma ita ce dokar tabarmar gaba ɗaya. In an kawo, an kawo, ba a mayarwa. Ranar da aka rataye ta a fili na hango nawa daga nesa, ba yadda za a yi ya ɓuya. Kunya ta kama ni, amma a ranar ne na ji na zama 'yar garin nan. Na so Inna tun daga wannan rana, ko da yake suruka ba ta faɗa wa uwar miji irin wannan magana, ban kuwa taɓa faɗa mata ba.

Kafin ta sa basilla, takan sa a shimfiɗa fallayen duka a ƙasa, ta yi ta zagaya su, hannu a baya, goro a kunci, ba ta magana da kowa. Sai ta fara cewa a ɗauke wancan a kawo nan, a matsar da wannan can. Ba launi take dubawa ba. Mai rauni take nema, ta sa shi tsakanin ƙarfafa biyu su riƙe shi. Ta cika baki da ruwa ta fesa masa ya yi laushi, ta sa ni in ja bakinsa ɗaya, ta bi shi da basilla a hankali har ya kwanta. Shekaru ina riƙe mata, a nan na koyi ɗinkin.

Akwai shekarar da wani dattijo ya zo da fallen matarsa da ta rasu ta bar shi rabi. Shi ya ƙarasa, da hannun mai tufkar igiya, rabin ya fito kamar ba ɗan'uwan rabin ba. Ya tsaya a ƙofa yana jin nauyin shiga cikin mata. Inna ta fita da kanta ta karɓa da hannu biyu, ta ce masa, "Baɗi ma ina jira." Har ya bar duniya bai fasa kawowa ba.

Wannan dabara ta Inna ita ce ta haɗa ta faɗa da Gwaggo. Tunda fallen Gwaggo ya fi na kowa ƙarfi da kyau, kullum shi ne maƙwabcin mafi muni. Nawa ma na farko a jikinsa aka ɗinka. Gwaggo ta yi ta haƙuri, har shekarar da aka ce baƙi za su zo daga Maradi da na'urorin ɗaukar hoto. Ta zo ta tsaya a kan Inna, hannu a ƙugu.

"Ƙawa, bana a zaɓa. A ɗauki na kirki, sauran a yi musu tasu daban, a bar ta gida."

"Su wa za a bari gida?"

"Kin san su. Za a tahi da hotonmu Maradi ana dariya."

"In sunka yi dariya haƙoransu ne za su sha iska."

"Ni dai na gaji. Tun da munka hwara, nawa bai taɓa samun maƙwabcin arziki ba."

"Shi ya sa Allah Ya ba ki hannun."

Gwaggo ta naɗe fallenta ta saɓa a kafaɗa ta yi gabas. Muka ce Inna za ta aika a ba ta haƙuri. Ina! Washegari ta sa aka kwashi fallaye duka aka kai ƙofar gidan Gwaggo, aka shimfiɗa su daidai bakin zaure, ta zauna ta hau ɗinki a nan. Mai shiga ba hanya, mai fita ba hanya, tunda ba mai taka tabarmar da ba a gama ba. Mata suka taru ana ta hira da shewa, Inna na ɗaga murya tana yabon fallayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Awakin Gwaggo na ciki suna kuka, ba a fitar da su kiwo ba. Rana na take tsaka sai ga falle ya faɗo ta kan darni, da murya a bayansa: "Ɗauki, jarababbiya!" Inna ta ɗauka ta kakkaɓe, ta sa shi kusa da na tsohuwar ruga. Da la'asar tare suka ci goro.

Ba zan ce Inna ba ta da hali ba. In ta kafe a kan abu, maigari ma kewaye ta yake yi. Takan yi mini faɗan gishiri a miya a gaban baƙi, ta kuma manta kafin a ɗauke kwano, ni kuwa in kwana da shi.

Farkon daminar bana ta faɗi a bakin murhu. Aka kai ta wajen likita a Agiye, aka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai wanda ya saba da ita. Muka ɗauka zancen saƙa ya ƙare. Da ta ɗan samu kanta sai ta nuna mini damin kaba da ido. Na yi kamar ban gane ba. Ta buga hannun hagu a gado har sai da na kawo.

Yadda ta saƙa fallen nan, ni na gani. Ta maƙale bakinsa a babban yatsan ƙafa, ta tura kaba da hannun hagu, ta cije da 'yan haƙoran da suka rage mata ta ja. Abin da take yi da ɗan lokaci a da, yanzu sai ya cinye mata yini. Wani lokaci kaba ta yanke mata leɓe. In na ce ta kawo in taya ta, sai ta harare ni da idon nan mai lafiya. Damina guda tana wannan fama. Gwaggo kan zo ta gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ta iya shiga ta zauna, ta ce ganin ƙawarta haka ya fi ƙarfinta. Fallen ya ƙare ana fara yankan hatsi. Sakwakwa ne, karkatacce, ya fi nawa na farko muni nesa ba kusa ba. Inna ta sa na rataye mata shi a kan ƙofa inda za ta riƙa ganinsa.

Bayan sadakar bakwai mata suka ce ni zan yi ɗinkin bana, tunda ni nake riƙe wa Inna. Na karɓa. Na shiga ɗakinta ɗauko fallen, na tarar da wani a rataye a wurin. Launin Inna ne, ja da baƙi, zanenta ne, amma a miƙe yake sumul, ba inda ya sassauta. Na san hannun da ya yi shi. Na ɗauka na nufi gabas.

Gwaggo ba ta musa ba. Ta ce ita ta saƙa, sun yi shawara da ƙanwar maigidana, autar Inna da ke aure a Cadawa, autar ce ta tafi da na ainihin.

"Ɗiyata, zauna ki ji. Na san hannun matar nan tun ba a haihi mijinki ba. Bana kowa za shi zo neman hwallenta, don an ji ta rasu. In bari baƙi su tsaya suna nuna wancan abin, suna cewa ga aikin uwar tabarma? Asirinta za mu ruhwa."

"Gwaggo, da haƙori ta saƙa shi."

"Shi ya sa."

"Ta kawo, Gwaggo."

Ta ɗaga kai ta dube ni. "Ke da anka kawo daga Gobir za ki gaya mini abin da take so?"

Maganar ta yi mini zafi, don na tsufa a garin nan, 'ya'yana a nan aka yanke musu cibiya. Ban ɗaga murya ba. Na ce mata in fallen Inna bai shiga ba, basillata ba za ta taɓa tabarmar bana ba, a nemi wata. Na kuma san dalilina. In aka mayar da na Inna don ba shi da kyau, baɗi za a mayar da na tsohuwar ruga, da na amaryar da ba ta iya ba, kuma ba mai bakin hanawa.

Gari ya rabu. Wasu suka ce Gwaggo ta yi daidai, mamaci sutura yake so. Maigidana ya ce in yi haƙuri kada a ce matarsa ta raba shi da ƙanwarsa. Na ce masa haƙuri ina da shi, ɗinki ne ba ni da shi. Fallaye na jibge a zaure, wasa na matsowa, an fara gyaran fili.

Ranar kasuwar Cadawa na shiga taksi. Autar Inna ta tarbe ni fuska ba walwala, ta san abin da ya kawo ni. Ta ce uwarta ce, ita ke da iko da abin da ta bari. Na ce haka ne, ban zo ƙwace ba. Na zauna na ba ta labarin daminar nan tun daga farko, da yatsan ƙafa, da leɓen da ke jini, da hararar da nake sha. Ita ba ta ga wannan ba, zuwanta gaisuwa ne ta koma. Ta yi kuka har ɗankwalinta ya jiƙe. Ta buɗe akwati ta ɗauko shi daga ƙasan zannuwa, ta ce, "Ki kai shi. Amma in anka yi mata dariya, ke da Allah."

Na dawo na shimfiɗa fallaye a tsakar gida, mata suka zo riƙo. Sauran duk suka ɗinku lafiya. Da na zo kan na Inna, abu ya gagara. In na soka basilla na ja, sai kaba ta zame, saƙar ta buɗe. Na fesa ruwa, na canza maƙwabci, na rage ja, duk a banza. Na yini a kai har bakinsa ya fara warwarewa a hannuna. Tsoro ya kama ni, kada in zama ni ce na lalata abin da na je har Cadawa na ɗauko. Na ce da matar liman ko zan kwana nawa a kai sai ya shiga.

Ban san Gwaggo na tsaye a bayana ba sai da na ji muryarta.

"Tashi. Kina kashe shi."

Ta zauna da ƙyar, ta jawo fallen kan cinyarta. Ashe tun da aka yi shi ba ta taɓa riƙe shi ba, daga nesa ta gan shi. Ta bi shi da yatsa, sai ta tsaya. Ta matso da shi kusa da ido. Sawun haƙori ne a jikin kaba, a jere, tun daga farkonsa har ƙarshe. Ta daɗe tana shafawa. A nan ne kukan da ba ta yi ranar makoki ba ya zo mata, mai sauti, har yara suka leƙo. Muka bar ta ta yi ya ishe ta.

Da ta share fuska ta ce a miƙo mata fallenta, da wancan da ta saƙa da sunan Inna. Ta sa na Inna a tsakiyarsu. Sannan ta yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ta ɗauki wuƙa ta farke gefen fallayenta biyu, waɗanda ba su da aibu ko ɗaya, ta warware su, ta sake saƙa bakinsu yana bin karkatar na Inna, inda ya shiga su shiga, inda ya fito su ja baya. Sai ta ɗinke su da ƙananan soka, kusa da kusa. Yini biyu tana wannan aiki, tana yi tana mita.

"Har kin mutu ba ki bar ni na samu maƙwabcin arziki ba, jarababbiya."

Ranar wasa samari suka ɗaga tabarma a kan sanduna a bakin fili. Ganguna na tashi, mutanen garuruwa na ta shigowa, kowa sai ya tsaya ya duba. Fallen Inna na tsakiya, ba ya ɓuya, karkatarsa ta ja na gefensa har tabarmar ta ɗan yi ciki a wurin. Autar Inna ta zo daga Cadawa, tana gefena, ta riƙe mini hannu gam.

Abin da ake tsoro kuwa ya faru. Wata baƙuwa mai lulluɓi mai tsada ta tsaya da ƙawayenta, ta nuna da baki, ta yi dariya.

"Wannan kuma wace ce ta yi shi? Ba a samu mai hana ta ba?"

Na buɗe baki, Gwaggo ta riga ni. Ta taka da sandarta har gaban matar, ta ɗaga murya yadda na bayan fili ma sai da suka juyo.

"Uwar tabarmar ce. Ɓarin jikinta ya mutu, ta saƙa shi da hannu guda da haƙori, ta gama ta kwanta. Matso ki taɓa, sawun na nan." Ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke mai hannu biyu, ina naki?"

Matar ta matso. Ta ɗan tsaya, sannan ta miƙa hannu ta taɓa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Ya karɓi aikinta a can yadda ta riƙa karɓar namu a nan, ba tare da an duba karkatarsa ba.